Na'urar da ta ce "asa" maimakon "ƙasa"

Wata uku ke nan ina fama da wata tsohuwar kwamfuta a ƙuryar ɗakina, wadda na mayar sabar magana: ka tura mata rubutu, ta mayar maka da murya. Kawuna ne dalili. Idanunsa sun tafi, kuma ya gaji da roƙon yara su karanta masa saƙo.

Da Festival na fara, manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Edinbura, tana jiran rubutu a tasha ta 1314, wato ƙofar da saƙo ke shigo mata ta cikinta. Turanci dai tana yi, amma Hausa sai a hankali. Ranar farko na ba ta "ƙasa", ta haɗiye ƙ ɗin ta ce "asa". Ashe haruffa masu ƙugiya ne ke lalacewa a hanya, sai da na tilasta komai ya bi UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta da ya san irin waɗannan haruffa.

Sai jinkiri. Tana jira ta gama shafi sukutum kafin ta buɗe baki. Na sa ta riƙa yanka rubutu jimla-jimla, tana furta ta farko tana shirya ta biyu. Nan take abin ya yi sauƙi.

Abin da ya gagare ni har yau shi ne "gari". Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, to garin Kano da garin tuwo duk ɗaya ne a wurinta. Da Kawu ya ji, dariya ya yi ya ce, "Ɗana, wannan baƙuwa ce, a ba ta lokaci."