Daga Kwangila zuwa Mararaba: zane ɗaya, farashi uku

Na tashi daga Kwangila ta Zariya da sassafe, damina ta yi nisa, da tef ɗin awo da littafi a jaka. Aikin da ya fitar da ni ƙiyasin kuɗin gini ne. Gida ne mai ɗaki uku da falo a kan fuloti mai ƙafa 50 a 100, ana son a san abin da zai ci a Zariya, da Kaduna, da kuma gefen Abuja. Zanen ɗaya ne, ko taga ba a canza ba. Abin da ya rage shi ne a bi garuruwan a zauna da masu bulo da direbobin tifa da dillalai.

Kafin na bar gari sai da na kwana biyu ina zagaya Zariya, domin ko a nan farashin ba ɗaya ba ne. Cikin Birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, gida ba ya yawan fitowa kasuwa, saboda yawancinsu na gado ne. Idan ya fito, sau da yawa magada ne suka kasa daidaitawa suka ce a sayar a raba kuɗi. Irin wannan gida yana iya zuwa da sauƙi, amma a nan ake ƙonewa. Ɗa ɗaya ya karɓi kuɗi, bayan shekara biyu 'yar'uwarsa da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da saninta aka sayar ba. Kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa kuma ya shaida.

Samaru wata duniya ce daban. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, su ke riƙe da kasuwar haya a can, kuma ɗakunan kwanan makaranta ba sa isarsu. Shi ya sa mai fili a Samaru ko Hayin Dogo ba ya gina gidan iyali, jerin ɗakuna yake yi masu banɗaki a ciki, ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule. Fili kusa da ƙofar jami'a ya fi na nesa da ita tsada nesa ba kusa ba, ko da ƙasar iri ɗaya ce. Sai dai kasuwa ce mai ƙafa ɗaya. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, masu gidajen haya da dama suka zauna da ɗakuna a rufe. Shika ma haka take, asibitin koyarwa ne ke jan farashinta. A Sabon Gari kuwa shago ne ke da daraja, ba ɗakin kwana ba.

Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. Da zarar ka wuce Jaji ka doshi Mararrabar Jos da Rigachikun za ka fara ganin filaye an kafa musu duwatsun iyaka, wasu an yi fandisho an bari ciyawa ta cinye. Na sauka Kawo na fara da masu bulo.

A nan ne lissafin ya fara nuna inda bambancin yake. Buhun siminti mai kilo 50 kusan kuɗi ɗaya ne a Zariya da Kaduna da Abuja, ɗan abin da ke tsakani kuɗin mota ne daga masana'anta, ko Obajana ta jihar Kogi, ko Ashaka ta Gombe, ko Sakkwato. Lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ko'ina ya haura. Rodi mai tsawon mita 12, bandir ɗin kwano mai falle 20, duk haka suke. Adadin kayan ma ba ya canzawa don an canza gari. Bango mai murabba'in mita ɗaya yana cin bulo 10. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12, tsayin mita 3, yana cin bulo wajen 400 bayan an cire ƙofa da taga, ban da na fandisho. Buhu ɗaya yana ɗora bulo mai inci 9 kamar 50. Abin da ke motsi shi ne yashi da tsakuwa, domin su nisan inda aka ɗebo su ake biya, sai kuma ladan birkila da lebura, wanda ya fi yawa a Abuja.

Wani abu game da bulo, tunda na zo kansa. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 ba. Masu son riba suna kai shi 45 ko 50, su ƙi ba shi ruwa na kwanaki kamar yadda ya kamata. Idan ka ga bulo ya fi na maƙwabta araha, ɗaga shi zuwa ƙirji ka sake shi a kan ƙasa mai tauri. Na kirki zai tsaya ko ya rabu biyu, na banza zai koma gari. Na gwada a wuri uku a Kaduna, biyu suka ruguje.

Ke nan gangar jikin gidan kusan kuɗi ɗaya ce. Fili ne ke raba gari da gari, kuma a Kaduna yana raba unguwa da unguwa sosai. Unguwar Rimi da Malali ba sa'o'in Rigasa da Hayin Banki ba ne. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar ciniki: tun rikicin shekarar 2000 mutane ke zaɓen gefen kogin Kaduna da za su zauna gwargwadon inda hankalinsu ya kwanta, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Wannan ya matse buƙata a wasu unguwanni, ya sa gidaje biyu masu kama ɗaya suna da farashi biyu.

Dillalin da ya zagaya da ni ya nuna min filaye biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ya kusa ninka ɗayan. Na ce, "Malam, me ya raba su?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan da takardar gwamnati, wancan takardar mai unguwa ce." Gaskiya ya faɗa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99. A jihar Kaduna, har da Zariya, hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Fili mai takardar mai unguwa kaɗai ba lallai ya zama na bogi ba, amma banki ba ya karɓarsa jingina, kuma idan ya faɗa kan hanya ko filin makaranta a tsarin gwamnati, ranar rusau ba ka da bakin magana. Kafin ciniki a ɗauki lambar fili a je a bincika sunan wa ke kai, a kawo safiyo ya auna ya tabbatar duwatsun suna inda takarda ta ce. 

Washegari na shiga jirgin ƙasa daga Rigasa, layin da ya fara aiki a 2016, na sauka Kubwa. Abuja ba na jin akwai buƙatar in daɗe a kan Maitama da Asokoro, wanda ke karanta wannan ba can zai saya ba. A birnin tarayya ministan Abuja ne ke ba da fili, rajista kuma tana hannun hukumar AGIS, kuma filin da aka tsara aka kai masa titi da ruwa da wuta kaɗan ne idan aka gwada da yawan masu nema tun da gwamnati ta dawo nan a 1991. Shi ya sa ma'aikata suka watsu zuwa Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, wasu har suka fita daga birnin gaba ɗaya, zuwa Suleja da Madalla a jihar Neja, ko Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa.

Mararaba na kwana. Haya a can ta fi ta cikin gari sauƙi ƙwarai, amma ka fito bakin titi da asuba ka gani. Motoci a cushe tun daga can har Nyanya, mutane na rige-rigen shiga. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota na zuwa da dawowa kwana 22 a wata ya zama wata hayar ta biyu. Duk wanda zai gwada gida a Mararaba da gida a Wuse ya haɗa da wannan, ya haɗa da awannin da yake ɓatawa a hanya. Sannan shiga gidan haya a Abuja ba kuɗin shekara kaɗai ba ne. Akan ɗora kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna. A Zariya har yanzu akwai unguwannin da za ka biya wata shida ka ba dillali la'adarsa a wuce wurin.

Sauƙin gida kuwa ba a gane shi daga farashi, sai an gwada da abin da mutum ke samu. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada haya ta wuce sulusin abin shiga. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, sulusinsa 280,000. Da wannan a Zariya ana iya neman ciki da falo a unguwannin gefe. A cikin Abuja ba a ma fara magana ba. Amma kada Bazazzage ya yi saurin murna: aikin da ke biyan albashi mai kauri ya fi yawa a can, mu kuma a nan siminti ɗaya muke saya da su da aljihun da bai kai nasu ba. Shi ya sa gini a Zariya yake ɗaukar shekaru, bana fandisho, baɗi linta, rufi sai an sayar da amfanin gona. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa yana da damar neman rance mai ruwan kashi 6 na tsawon shekara 30 ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, amma sai da takardar mallaka ta gwamnati, wadda yawancin filayen da talaka ke iya saya ba su da ita. Wasu kuma kuɗin ruwan ne ba za su taɓa ba saboda addini.

Da na dawo na sake leƙa wani fili mai araha da aka nuna min a gefen rafin Kubanni kafin tafiya. An yi ruwa kwana biyu a jere, duwatsun iyakar ma ba a ganinsu. Irin wannan ƙasa ta fadama tana buƙatar fandisho mai zurfi da rodi, da tifa bayan tifa ta jar ƙasa don ciko, kuma sokawe ba ya shanye ruwa a cikinta. Abin da ka rage a kuɗin fili zai tafi a ƙarƙashin ƙasa tun bango bai fito ba. Na tudu kuma nasa ciwon daban ne: ƙarƙashin Zariya dutse ne, ana iya haƙa burtsatse a tarar da ruwa kaɗan, a koma sayen jarka wurin 'yan garuwa. Don haka a takardar ƙiyasin na ƙara layi biyu da babu su a zane: a je a ga fili a watan Agusta don a san inda ruwa ke kwanciya, a koma a watan Afrilu a leƙa rijiyar maƙwabta.