Tanar roba a dajin da ruwa ya cinye

Shekara huɗu ke nan da yayana mazaunin Bronx, can Amurka, ya zo gida hutu ya dire mini wani koren akwatin roba a kan teburin yanka, a shagona na ɗinki da ke unguwar Nima a Akra, ƙasar Ghana. Ya ce, "Ƙanena, na san ka da son ruwa. Wani abokin aikina ne ya daina fita kamun kifi ya bar mini, ni kuma ban san yadda zan yi da su ba." Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri," na buɗe, yaran shago suka bar keke suka kewaye ni. A ciki akwai kifayen ƙarya guda goma sha ɗaya, wasu na katako wasu na roba mai tauri, kowanne da ƙugiya mai baki uku rataye a cikinsa da wutsiyarsa. Akwai cokula biyu masu ƙyalli, da kwaɗon roba ɗaya, da dalma ƙanana masu siffar harsashi. Can ƙasa kuma ledoji shida cike da tanar roba, baƙa da koriya, masu laushi da warin man anis. Waɗannan ledojin ko kallo na biyu ban yi musu ba a ranar.

Ni fatsa na taso da ita. Muna yara mukan tafi bakin kogin Densu, wajen Weija, da sandar gora da zaren nailan da gwangwanin tana, mu dawo da ƙananan karfasa da tarwaɗa. Amma a ce kifi zai bar abinci ya hau kan katako fentacce, wannan ban taɓa gani ba. Sai na shiga YouTube da dare bayan an rufe shago, na gane cewa duk kayan akwatin nan don kifi ɗaya aka ƙera su, wanda Amurkawa ke kira bass. Kifin ruwan daɗi ne mai ƙaton baki, yana laɓewa a jikin itace ko ciyawa ya jira ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta, ya zuƙe shi gaba ɗaya. Ba wani girma ne da shi can ba. Mafi girman da aka rubuta a littafin tarihinsu kilo 10 ne da ɗan kai, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa. An kai irinsa Kenya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, amma mu abin da Allah ya zuba mana a tafkin Volta shi ne giwan ruwa da tsage da tufi da tarwaɗa da kurungu. To tambayar da ta hana ni barci ita ce, kifinmu zai yarda da kayan da aka yi wa kifin wasu?

Na yi adashi na sayi sanda mai tsawon ƙafa 7 da injin naɗe zare mai lamba 4000, na cika shi da zaren kitso, wato zaren fatsa da aka kitsa, mai ɗaukar nauyin fam 30. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Asesewa, daga nan na gangara Akateng, bakin tafkin. Na kwana a wurin wani dattijo Bahaushe mai sayen busasshen kifi yana aikawa kasuwannin Akra, abokin marigayi mahaifinmu ne. Shi ya haɗa ni da wani masunci Ewe mai kwale-kwale, wanda kowa ke kira Efo, ni ma na bi sahu.

Kafin azahar ta Asabar na rasa kifayen ƙarya biyar. Duk jifan da na yi kusa da itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, sai ƙugiya mai baki uku ta cafki reshe ta ƙi saki. In na yi jifa a fili inda babu itace, kaya ya dawo lafiya amma babu abin da ya taɓa shi. Efo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Kifi yana cikin itace. Mu ma komarmu a nan take yagewa." Ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi har yau yana yi mini ciwo, siriri ne mai ruwan azurfa, ƙirar Rapala. Daga baya na karanta cewa mai sunan, Lauri Rapala, talakan masunci ne a ƙasar Finland, ya sassaƙa na farkonsa a 1936 da wuƙa, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli don ya yi kama da kifin da ya ji rauni. Nawa yana can maƙale a wani reshe da ba wanda zai sake ganinsa.

Wanda bai taɓa shiga tafkin Volta ba zai ɗauka fili ne na ruwa kawai. Daji ne a nutse. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya hau ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu, itatuwan kuwa aka bar su a tsaye. Shekara sittin ke nan, da yawansu ba su ruɓe ba. Wasu kawunansu a waje, wasu kuma taƙi ɗaya ne tsakaninsu da saman ruwa, kuma irin waɗannan ne ke fasa jiragen fasinja. Shi ya sa ba na shiga kwale-kwale sai da rigar ceto, ko da masu tsayuwa a bakin ruwa za su yi ta kallona.

Da na dawo Nima rai a ɓace, sai na koma kan ledojin da na raina. Ashe su ne dukiyar akwatin. Tanar roba wani mutum ne mai suna Nick Creme ya fara zuba ta a gidansa a jihar Ohayo a 1949. Inda ta yi kasuwa sosai shi ne Texas, domin su ma can sun datse koguna, ruwa ya rufe musu dazuzzuka, kifi ya koma cikin rassa inda ƙugiya a buɗe ba ta shiga ta fito. Matsalarsu ita ce matsalarmu sak. Dabarar da suka fito da ita, wadda har yau ake kiranta ɗaurin Texas, ga yadda take. Ka fara zura dalmar nan mai siffar harsashi a zare, tsininta yana kallon sanda, ka bar ta tana yawo. Ka ɗaura ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, ni lamba 4/0 nake sa wa tana mai tsawon inci 6 ko 7. Ka soka bakin ƙugiyar a tsakiyar kan tanar, ka fito da shi a gefe bayan kamar faɗin farce, ka tura tanar sama har kanta ya zauna a lanƙwasar nan, ka juya ƙugiyar, ka auna inda za ta faɗa a jikin tanar, ka sake sokawa. Tsinin sai ya kwanta a cikin roba, ba ya leƙowa. In ka shafa da yatsa bai kamata ya karce ka ba. Abu ɗaya da tela zai gane nan take: tanar ta miƙe sambal kamar ɗinkin da aka ja da alli. In ta ɗan karkace za ta riƙa juyawa a ruwa, ta murɗe maka zare, kifi kuma ya ƙi ta.

Na koma Akateng a watan Nuwamba, lokacin da tafki ya cika ya shiga ciyawar gaɓa. Dalma mai giram 10 na sa, da baƙar tana, domin ruwan ya ɗan yi duhu, kuma a irin wannan ruwa baƙin abu ya fi fitowa. Tsakanin zaren kitso da ƙugiya na haɗa nailan mai kauri, mai ɗaukar nauyin fam 50, tsawon hannu, saboda itace yana cin zaren kitso kuma murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi kamar reza. Na ce wa Efo ya matsa da mu har inuwar itatuwan, ya tsaya da filafili shiru. Na jefa tanar ta bugi kututture ta zame ƙasa.

A nan ne aikin yake, kuma shi ne abin da ya fi ba ni wuya. Hannu yana son ya yi ta naɗe zare. Tanar roba kuwa sai an bar ta ta nutse har zare ya saki, sannan a ɗaga bakin sanda a hankali kamar taƙi biyu, a sake ta ta koma, a naɗe rarar zaren, a jira. Zaren kitso ba ya miƙewa kamar roba in an ja shi, don haka duk abin da dalma ta taɓa kana jin sa a tafin hannu. Laka tana da nauyi mara sauti, dutse yana ƙwanƙwasa, reshe kuma za ka ji tanar ta hau shi, ta tsaya, ta faɗa ta wancan gefen. Mafi yawan kamu a wannan faɗuwar yake zuwa. Nawa na farko ko fizga bai yi ba. Na ji "tuk" sau ɗaya, sai na ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Na sauke sanda, na naɗe rara, na fizga da ƙarfi don tsinin ya huda roba ya shiga. Sandar ta lanƙwashe har ruwa. Efo ya yi ihu, "Ja shi waje, ja shi waje!" ya tura kwale-kwalen baya, domin in ka ba giwan ruwa taku biyu zai naɗe ka a reshe. Ya yi tsalle sau biyu yana girgiza kai, baki a wangame. Da muka ɗora shi a sikelin dattijon nan, kilo 6 ne. A wurin kifin da ke iya wuce kilo 100, jariri ne. Ni dai sai da na zauna a kan benci, don ƙafafuna rawa suke.

Ba kowane kifinmu ne ke bin wannan tsari ba. Tsage ba ruwansa da tana a hankali. In ya zo, rabin tanar yake yankewa ya wuce, in ya haɗa da nailan ya datse shi kamar da almakashi. Shi sai cokali mai ƙyalli, a naɗe da sauri inda ruwa ke motsi, da waya taƙi ɗaya a gaba. Na cire ƙugiya mai baki uku daga cokulan na sa mai baki ɗaya babba, na wasa ta da kyau, saboda bakinsa ƙashi ne, kuma duk da haka cikin kamu biyar in ka fitar da biyu ka gode Allah. Tarwaɗa kuwa da hanci take farauta, ita har yanzu tanar gaske ko hanjin kaza nake ba ta.

Kwaɗon robar nan shi ne na tufi. Ƙugiyoyinsa biyu a kwance suke a bayansa, yana bi ta kan ciyawa ba ya maƙalewa. Da sanyin safiya nake jefa shi can cikin ciyawa, in ja kaɗan, in tsaya, in ja kaɗan. Tufi yana fasa ruwa da ƙara har gabanka ya faɗi, kuma duk wanda ya fizga a lokacin zai ga kwaɗonsa ya dawo masa a fuska. Sai ka ƙirga ɗaya, biyu, ka ji nauyi, sannan ka fizga.

Kayan nan ba a yi su don zafin Akra ba. Na taɓa barin tanar roba a ɗaki ɗaya na akwati da kifin ƙarya mai tauri, bayan sati biyu na tarar ta narke a jikinsa ta cinye fentin. Yanzu kowace tana cikin ledarta take kwana. Ƙugiyoyi ina wanke su, in shanya, in ɗiga musu man keken ɗinki. Tanar da ta yage a kai ba na zubarwa, ina yanke wurin in sake sokawa har ta koma inci 4. Wadda ta ƙare kuma aljihu take shiga, ba ruwa ba, don roba ce, ba ta narkewa a cikin kifi. In zaren kitso ya maƙale, kada ka naɗe shi a hannu ka ja, yanka yake yi har nama. Guntun ice nake ɗauka don haka.

Inda muka saɓa da dattijona shi ne maganar saki. Amurkawan da nake kallo kusan duk abin da suka kama mayarwa suke yi. Ranar da ya ji daga bakin Efo cewa na saki ƙananan giwan ruwa uku, ya kira ni bayan magariba ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka arziki a hannu ka mayar? To me ya kai ka wahalar da dabba?" Na ce, "Baba, ba su kai tsawon hannuna ba, ko ƙwai ba su fara yi ba." Ya ce, "In ka sake su, komar wani za su faɗa gobe." Ban iya musa masa ba, don na ga irin ƙananan idon komar da ake ja a wurin. Maganarsa ta farko ta zauna mini a rai. Ban yarda in huda bakin kifi don hoto kawai ba, shi ya sa idan na sami abin da gidana da gidansa za su ci, nake naɗe sanda ko da rana ba ta yi ba. Amma ƙananan har yanzu ina sakinsu, na kuma danne ƙayar ƙugiyoyina da filaya don su fita ba tare da sun yaga baki ba. Shi bai canza ra'ayi ba, sai dai yanzu in na iso yakan tambaye ni nawa na kawo, nawa na bari.

Leda biyu suka rage mini cikin shidan. Na aika wa Yaya hoton baƙar tanar nan ta WhatsApp, na ce in zai zo da Babbar Salla kada ya wahalar da kansa da kifayen katako, ita kaɗai nake so, da ƙugiya lamba 4/0 fakiti uku. Efo kuma ya kira ni shekaranjiya, ya ce ruwa ya fara ja baya, kawunan wasu itatuwa da ba mu taɓa gwadawa ba sun fito a gefen dutse.