Aikin zanen gem: abin da za ka ɗora a shafinka da abin da za ka sauke

Mutumin da zai duba aikinka a kamfanin wasannin bidiyo ba shi da lokaci. Galibi daraktan zane ne ko shugaban wani sashe, an jibge masa sunayen masu neman aiki, ga nasa aikin yana jiransa. Zai buɗe shafin da ka jera ayyukanka a intanet, ya kalli ƙananan hotunan da ke jere, ya danna ɗaya ko biyu. Tambaya ɗaya ce a ransa: in na ba wannan aiki ranar Litinin, abin da zai miƙo zai shiga cikin wasa kai tsaye, ko sai na sa wani ya sake gyarawa? Ƙannena maza da mata, mu da muka riga ku shiga harkar nan da tuntuɓe muka gane haka, kuma ba dole ba ne sai ku ma kun yi tuntuɓen.

Zanen gem, wato zanen wasannin bidiyo, ba sana'a ɗaya ba ce. Akwai mai zana samfurin abu kafin a ƙera shi, akwai mai ƙera mutane da dabbobi, da mai gina muhalli, da mai ƙera kayayyaki irin su kujera da mota da makami, da mai sa ƙashi da motsi, da mai yin hayaƙi da wuta da ruwa, da mai zana maɓallai da allon bayanai. Sabon shiga yakan ɗora kaɗan daga kowanne don a ce ya iya komai, mai dubawa kuwa sai ya rasa kujerar da zai zaunar da shi. Zaɓi ɗaya. A ganina ƙera kayayyaki da gina muhalli sun fi saurin buɗe ƙofa, domin wasa guda yana cin ɗaruruwan kaya, kuma manyan kamfanoni sukan ba da kwangilar wannan aiki ga irin su Virtuos da Keywords Studios. Zanen samfuri da ƙera mutane kuwa can ne cunkoson ya fi yawa, kujerun kuma kaɗan. In ƙananan kamfanonin nahiyarmu kake hari, kamar Maliyo Games a Legas, Leti Arts a Accra ko Kiro'o Games a Yaounde, su sun fi son mai hannu biyu ko uku, kuma aikinsu ya fi karkata ga zanen 2D, wato shimfiɗaɗɗen zane irin na kan takarda, da abu mara nauyi. Buga wasanninsu tukuna, ka ga salonsu, sannan ka yi aikin da zai zauna a ciki ba tare da ya zama bare ba.

Inda masu ɗaukar aiki suke dubawa shi ne ArtStation, dandalin baje zane a intanet, wanda kamfanin Epic Games ya saya a 2021. Buɗe shafi kyauta ne. Sa sunanka na gaskiya, ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina, da LinkedIn da imel, domin wanda ya ga aikinka yau zai neme ka bayan wata uku da sunan da ya tuna. A ƙarƙashin sunan rubuta sana'ar da ka zaɓa, ba "mai son zane" ba, kuma imel ya kasance a fili.

Aiki huɗu zuwa shida masu kyau sun isa. Na bakwai ɗin da ka san yana da rauni amma kana jin tausayinsa saboda wahalar da ka sha, shi ne zai ja sauran ƙasa, don mai dubawa zai ɗauka ba ka san bambancin mai kyau da mara kyau ba. Duk abin da ka yi ta bin darasin YouTube taki-taki, sauke shi. Donat ɗin nan da kowa ke fara koyon Blender (manhajar ƙera siffofi a kwamfuta) da shi, sun gan shi har sun gaji. Yana nuna ka iya bin umarni ne kawai.

Yanzu ga inda ya kamata mu daɗe: me aiki guda ya kamata ya ƙunsa? Mu ɗauki injin markaɗe, irin na bakin kasuwa. Kaya ne mai kyau na gwaji, don yana da ƙarfe mai fenti, da ƙarfen da hannu ya goge, da bel na roba, da katakon da aka ɗaure shi a kai, da baƙin mai da busasshen ƙullu. Je ka ɗauki hotunansa ta kowace kusurwa, da izinin mai shi, ka auna tsawo da faɗi da tef. Wanda ya ƙera daga ka, kullum sai kaurin ƙarfe da girman noti sun tona masa asiri.

Fara da gwargwado. Tsayar da siffar mutum mai kimanin santimita 180 kusa da kayan tun daga farko. Unity da Unreal injinan wasa ne, wato manhajojin da ake haɗa wasa a cikinsu. A Blender da Unity ma'auni ɗaya mita ɗaya ne, a Unreal kuwa santimita ɗaya, shi ya sa kaya yakan shigo ƙanƙane ko ƙato ninki 100 in ba a kula da saitin fitar da FBX, fayil ɗin da ake kai kaya injin wasa da shi, ba. Kafin ka fitar, danna Ctrl+A a Blender ka tabbatar da girma da juyi, in ba haka ba gefuna da inuwa za su karkace.

Daga nan siffa biyu za ka yi: mai nauyi wadda ke ɗauke da duk walda da lanƙwasa da ƙuraje, da mara nauyi wadda ita ce za ta shiga wasa. Injin wasa alwatika yake ƙirgawa, wato ƙananan guntaye masu kusurwa uku da ake gina siffa da su, don haka adadin alwatika za ka rubuta. Babu lamba ɗaya da ta zama doka, abin da ke tafiya a kwamfuta mai ƙarfi zai shaƙe wayar hannu. Abin da ake so a gani shi ne ka kashe alwatika inda ido ke ganin siffa, kamar da'irar bakin mazurari, ka rage a ƙasan katako inda ba wanda zai leƙa. Fasahar Nanite da ta zo da Unreal Engine 5 a 2022 ta sassauta wannan lissafi, don tana barin siffa mai alwatika da yawa ta shiga wasa, amma wasannin waya da kamfanoni da yawa har yanzu suna kan tsohon tsari, kuma wanda bai iya shi ba ya rufe wa kansa rabin kasuwa.

Shimfiɗar UV, wato yanka fatar siffa a baje ta a kan hoto don a shafa mata launi, ita ce wurin da aka fi gane ɗan koyo. Duk inda ka sa gefe mai kaifi, dole ka yanka UV a wurin, in ba haka ba bayan ka gasa, wato ka kwafe, bayanan siffa mai nauyi a kan mara nauyi za ka ga baƙin layi ko inuwa mai datti a gefen. Bar tazara tsakanin guntaye: kimanin fiksel 8 a hoton 1024, fiksel 16 a na 2048. Dalili shi ne idan kaya ya yi nisa, injin yana rage girman hoton, launin guntu ɗaya sai ya malala cikin maƙwabcinsa. Girman hoto kuma ninkin biyu ne kullum: 512, 1024, 2048, 4096. Kada ka ba ƙaramin noti fili kamar na jikin injin gaba ɗaya. Yawan fiksel a kowace mita ya zama ɗaya a duk jikin kayan. Da yawa suna aiki da 512 a mita ga wasan da kyamara ke bayan ɗan wasa, 1024 ga wanda ake gani da idonsa.

Akwai wani abu da ke ruɗa kusan kowa. Ka gasa taswirar nomal, wato hoton da ke sa siffa mara nauyi ta nuna tudu da rami, ta yi kyau a Blender, ka kai Unreal sai rami ya zama tudu, tudu ya zama rami. Ba aikinka ne ya lalace ba. Blender da Unity suna bin tsarin OpenGL, Unreal yana bin DirectX, bambancin tsarin biyu yana tashar kore ne kawai, wato sashen koren launi na hoton. Juya koren, shi ke nan.

Wajen shafa launi, ko da manhajar Substance Painter ko cikin Blender, kada ka zana inuwa da haske a cikin hoton launi, wannan aikin injin ne. Kada ka yi amfani da baƙi ƙirin ko fari fat: a ma'aunin 0 zuwa 255, abin da ba ƙarfe ba ya tsaya tsakanin kamar 30 da 240. Taswirar ƙarfe, mai nuna inda yake ƙarfe da inda ba ƙarfe ba, kusan ko'ina baƙi ce ko fara. Fentin da ke kan ƙarfe ba ƙarfe ba ne, tsatsa ma haka. Taswirar kaushi ita ce ke sa abu ya yi kama da gaske, nan za ka ɓata lokaci. Kuma kada ka bar manhaja ta kankare maka dukan gefuna iri ɗaya. Tambayi kanka ina hannu ke riƙewa, ina ruwan tattasai ke gangarowa, ina bel ke gogar ƙarfe. Tsufan kaya yana da dalili, kuma ƙwararre yana gane wanda ya duba da wanda ya danna maɓalli kawai. In ka shigar da taswirar kaushi cikin Unreal, kashe mata saitin launi na sRGB, in ba haka ba ƙyallin zai fito ba yadda ka tsara ba.

Idan ka zo ɗorawa, hoton farko ya zama mafi kyau, an ɗauke shi cikin injin wasa ko manhajar Marmoset Toolbag, a bango mara hayaniya. Biye da shi hotuna biyu ko uku ta wasu kusurwoyi, sai ragar alwatika, sai shimfiɗar UV da taswirorin, sai layi biyu: adadin alwatika, girman hotuna, manhajojin da ka yi aiki da su. Masu ɓoye raga da UV, ana ɗauka akwai abin da suke ɓoyewa.

Kana da wata dama da sauran masu nema ba su da ita. ArtStation cike yake da bindigogi da lungunan jirgin sama jannati. Zaure mai zanko, rufin azara, bangon tubali da shafen makuba, Gidan Makama a Kano, bakan gizo na cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, rijiyoyin marinar Ƙofar Mata: waɗannan suna tsayar da ido domin ba a saba ganinsu ba. Amma sabon abu danna hoto kawai yake sawa, inganci ne ke sa a kira ka. Ginin ƙasa kuma yana da wuyar kansa. Muhallin wasa da guntaye masu maimaituwa ake haɗa shi, bango mai mita 1, 2 ko 4 da ke haɗuwa daidai, alhali bangon ƙasa ba ya miƙewa sambal. Sai ka bar bakin haɗuwa a miƙe, ka lanƙwasa tsakiya, ka ɓoye maimaicin da tabon ruwan sama a ƙarƙashin indararo da wuraren da yaɓe ya zube. Wanda ya warware wannan ya nuna gwanintar da kamfani ke biya.

Instagram da X da TikTok suna da amfani wajen sanin mutane, amma yawan mabiya ba ya ba da aiki. Abin da ya fi su shi ne zaurukan hira na manhajar Discord na masu sana'ar, inda za ka nuna aiki tun yana rabi, a faɗa maka gaskiya lokacin da gyara bai yi tsada ba. In an yi maka gyara, gyara ka dawo ka nuna, mutane suna riƙe sunan mai yin haka. Ka tuna kuma za a binciki sunanka, zagin da ka yi a ƙarƙashin wani rubutu yana nan. In zanen wani ka ƙera, nemi izini ka rubuta sunansa. In ka yi amfani da kayan da ka sauko da su ko hoton ƙirƙirarriyar basira, faɗi a fili. Tun 2024 Steam, kasuwar sayar da wasanni a intanet, take neman masu ƙera wasa su bayyana inda suka yi amfani da ita, don haka kamfani ba zai yi wasa da wanda ya ɓoye ba. Aikin da ka sa hannu a kan yarjejeniyar sirri kuwa ba ya hawa shafinka sai wasan ya fito kuma an ba ka izini a rubuce.

Shiga gasar haɗa wasa ko da sau ɗaya a shekara. Global Game Jam ana yin ta kowane Janairu, awa 48. Can za ka ga yadda kayanka ke karyewa a hannun mai rubuta lambar kwamfuta saboda ka sa cibiyar juyawar ƙofa a tsakiyarta maimakon wajen hinji, ko ka bar fayil da sunan da ba wanda zai gane.

Batun na'ura: kwamfuta mai RAM gigabait 16 da katin girafik nata na daban ta isa ka fara. In taka ba ta ɗaukar Unreal, yi salon zane mara nauyi a Unity ko injin Godot, wannan ma kasuwa ce. Blender da manhajar zane ta Krita da Godot kyauta suke, saboda haka bar manhajar sata, tana zuwa da ƙwayar cuta kuma ba za ka iya aikin kwangila da ita ba. Da yake wuta ba ta da tabbas, rage tazarar adanawa ta kai-tsaye zuwa minti biyu, ka riƙa adana fayil da lamba, 01, 02, 03, kwafi ɗaya a wani faifai daban, ɗaya a intanet.

Daga 2023 zuwa 2024 an sallami dubban ma'aikata a masana'antar, don haka kana gogayya da masu gogewa, kuma shiru bayan ka tura takarda abu ne da aka saba. Wasiƙarka ta zama gajera: aikin da kake nema, adireshin shafinka a layin farko, da wane aikinka ya yi kama da wasansu. Kada ka haɗa fayil mai nauyi. In sun ba ka aikin gwaji, bi ƙa'idarsa harafi da harafi, adadin alwatika, girman hoto, sunan fayil, ranar miƙawa, domin rabin gwajin ke nan. Gwajin da ya wuce mako guda ba biya, ko wanda ka ga kamar kayan da za su sa a wasansu ne, tambayi ko ana biya. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na kayan aiki kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. A aikin kwangila kuwa a rubuta farashi, da sau nawa za a yi gyara kyauta, da wanda zai mallaki aikin, ka karɓi wani kaso kafin ka fara, kuma ka buɗe hanyar karɓar kuɗin waje irin su Payoneer tun kafin aikin farko ya zo, don tantance takardu yana ɗaukar kwanaki.