Makonnin da Ke Biyo Bayan Kisa

A shekarun da na yi ina ɗaura wa yara zare, na lura cewa an fi rasa ɗan dambe a makonni biyu ko uku da ke biyo bayan ranar da aka buge shi. Ranar damben kanta yana cikin mutane: 'yan ɓangarensa sun kewaye shi, wani na zuba masa ruwa a ka, wani na kwance masa hannu. Washegari yake tashi shi kaɗai, muƙamuƙi a kumbure, ko ƙosai ba ya iya taunawa, aljihu kuma wayam, domin wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, ake yi wa kari. Makaɗin kalangun da ya wasa shi jiya ya koma wasa wani.

Abin ya fi nauyi ga yaro saboda ba sunansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Shagon wane ne, ko Autan wane, yana kuma tsaye ne da sunan ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada. Idan gwiwarsa ta taɓa ƙasa, gani yake ya zubar da mutuncin maigidansa da na ɓangare gaba ɗaya. A da, faɗuwar da aka yi a Gusau sai ta ɗauki lokaci kafin labarinta ya isa Kano. Yanzu kowa a gefen fili waya ce a hannunsa. Tun da Dambe Warriors, masu shirya wasannin dambe, suka fara sa wasanni a YouTube a 2017, dambe ya samu masu kallo har ƙasashen waje, kuma wannan alheri ne. Amma kafin yaro ya isa masauki, bidiyon faɗuwarsa ya riga shi zuwa unguwarsu.

Na kan bar shi kwana biyu ba na tayar da maganar. A na uku sai in zauna da shi mu kalli bidiyon nan da yake gudu. Akwai wani yaro mai tsawon hannu da wani bahago ya kashe a turmi na biyu. Ya rantse mini asiri aka yi masa, wai idonsa ne ya rufe. Na ce, “Auta, zo ka gani.” Muka mayar da wurin baya a hankali. Duk sanda zai kai naushi, hannun garkuwarsa sauka yake har ƙugu, haɓarsa a buɗe. Bahagon ya gwada shi a turmin farko, ya gane, a na biyu ya jira shi. Yaron ya yi shiru, can ya ce, “Maigida, ashe ni na buɗe masa ƙofa.” Ba na gardama da kowa kan laya da addu'a, kowane ɗan dambe da abin da ya riƙe. Damuwata ita ce wanda ya ɗora faɗuwarsa kan asiri ba shi da abin da zai gyara a atisaye, gobe ma haka zai sauke garkuwa.

Babban abin da nake tsoro shi ne gaggawar ramuwa. Abokai za su zuga shi, 'yan kallo za su ce a sake haɗa su, shi ma zuciya na tafasa. Alhali mutumin da aka buga ya suma, ko ya tashi yana tangaɗi bai san inda yake ba, ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu, kuma wannan rauni ba a ganinsa da ido. Ciwon kai da ba ya sauka, jiri, amai, haske na damun ido, mantuwa har ya riƙa maimaita tambaya ɗaya: duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan asibiti ya kamata ya nufa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A damben zamani akan dakatar da wanda aka sumar na wasu makonni. Mu a namu sau da yawa maigida ne kaɗai zai iya cewa a'a, don haka dole ya faɗa ko da yaron zai yi fushi da shi. A wannan lokaci ne kuma masu ƙwaya ke samun shiga, su ce tiramol zai cire masa tsoro. Ƙwayar tana ɗauke jin zafi, shi ya sa yaro ke tsayawa yana cin dukan da ya kamata ya kauce wa.

Idan suna ganin hutu ragwanci ne, ina ba su labarin Anthony Joshua, zakaran damben zamani. Ran 1 ga Yuni 2019 Andy Ruiz ya kai shi ƙasa sau huɗu a New York, aka tsayar da wasa a zagaye na bakwai, kambunansa duka suka tafi. Wata shida ya yi. Ya rage nauyi, ya sake salo, ran 7 ga Disamba a Saudiyya ya ƙi yarda a yi musayar duka kusa da kusa, ya riƙa bugu daga nesa yana zagayawa har zagaye goma sha biyu suka cika, ya karɓe kayansa da maki. Wasu sun ce wasan bai yi armashi ba. Ni a wurina nan ne ya nuna ya fahimci abin da ya kayar da shi.

In lokacin komawa ya yi, ba na haɗa yaro da wanda ya kashe shi. Ina nema masa sa'ansa, ko a yi turmi uku babu kisa, ya dai sake jin ƙafarsa ta tsaya a ƙasa. Wani da wasa ɗaya yake dawowa, wani sai ya yi uku ko huɗu kafin ya daina runtse ido in an ɗaga masa hannu.

Sai maganar abinci, wadda ba a cika yi ba. Asalin dambe wasan mahauta ne, bayan kaka suke fita gari-gari, in an gama kowa ya koma kan sana'arsa. Yau yara da yawa ba su da komai sai zaren nan, ranar da ba su sa ba babu na tuwo. Irin wannan yaro ko ka hana shi, zai sulale wani gari ya shiga fili da kansa yana ciwo. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina, tun kafin in duba tsayuwarsa nake tambayar abin da yake yi da safe. In babu, sai mun samo masa, ko a mahauta ko a gareji, sannan a fara maganar atisaye.