Na ga wawa a dajin Bobiri

Motar da na shiga daga Accra ta isa Kumasi bayan sallar isha'i, ni kuwa tun daga Nkawkaw nake gyangyaɗi. Kawu ya aiko yaro ya ɗauke ni zuwa Aboabo. Washegari da na fito ƙofar gida sai na rasa gane ko Gana nake ko Fagge: ga mai koko da ƙosai, ga makarantar allo, kowa Hausa yake yi, sai dai tasu Hausar ba ta damu da raba namiji da mace ba. Da na ji an ce "matata ya tafi kasuwa" sai da na waiga.

Kawu goro yake sayarwa, kamar mahaifinsa da kakansa, waɗanda fataucin Gwanja ya baro da su gida. Kwana biyu na yi ina zaune a rumfarsa ina kallon yara suna ware marsa daga ƙanana, suna jera su a ganye ana ɗaure huhu. A rana ta biyu ne gardama ta tashi. Wani tsoho ya zo neman namijin goro saboda tari, 'yar kawu kuwa, wadda ke karatun ilimin tsirrai a jami'ar KNUST, ta ce daga inda take zaune, "Baba, ka san namijin goro ko dangin goro bai haɗa ba?" Kawu ya ce shekara arba'in yana sana'ar nan, ba yarinyar da aka haifa jiya ce za ta raba masa aure tsakanin goro da mijinta ba. Na goyi bayan Kawu, don ita taubashiyata ce, kuma ba a bin bayan taubashi ko da shi ke da gaskiya. Ta ce to, gobe Asabar in shirya, za ta kai ni inda zan rufe bakina.

Mun hau trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, da sassafe muka bi hanyar Accra, muka wuce Ejisu, garin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta yaƙi Turawan Ingila, muka sauka a Kubease. Daga nan hanyar ƙasa ce zuwa dajin Bobiri, wanda cibiyar binciken gandun daji ta Gana ke kula da shi. Mutane na zuwa ne don kallon malam-buɗe-littafi, kuma lallai akwai su kala-kala, amma ni itatuwan ne suka tsayar da ni. Wanda ya tashi a Kano bai san tsawon itace ba. Sai na ɗaga kai hulata ta faɗi kafin in hango reshen farko.

A gindin wani ƙato mai saiwa kamar katanga jagoranmu ya tsaya, ya dafa shi ya ce da Turanci sunansa wawa. Na fashe da dariya. Taubashiyata ta ce, "Yaya, gaida ɗan'uwanka mana." Da harshen Twi sunan itacen ke nan. A Najeriya 'yan katako obeche suke ce masa, a Kamaru ayous, a Kwaddibuwa samba. Itace ɗaya, suna huɗu, kuma ɗaya daga ciki zagi ne a bakinmu. Ta ce shi ya sa masana suka ba shi suna guda wanda ba ya canjawa a kan iyaka: Triplochiton scleroxylon. Kalmar ta biyu da Girkanci tana nufin itace mai tauri, alhali katakonsa marar nauyi ne mai laushi. Na ce ashe masu raɗa sunan ma suna yin wauta. Ta ce ba a canja suna don ma'anarsa ba ta dace ba, kamar yadda ba a sake wa Dogo suna don ya tashi gajere. Ƙa'idarsu ita ce sunan da aka fara wallafawa bisa tsari shi ke da rinjaye, kuma dole a ajiye busasshen reshe da ganye da fure na tsiron a ma'ajiya, don duk mai shakka ya je ya duba.

Muna tafiya tana yi mini bayani. Wani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari na suna mai kalma biyu, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. Kalmar farko sunan gida ce, ana fara ta da babban baƙi, ta biyu kuwa ta ɗan gidan ce, da ƙaramin baƙi. Gidaje masu kama da juna a haɗa su dangi guda, dangogi su taru su zama rukunin da ya fi girma, haka ake ta hawa har a kai masarautar tsirrai ko ta dabbobi. Na ce wannan ai tsarin mai unguwa da dagaci da hakimi da sarki ne. Ta ce kusan haka, sai dai nan ba a naɗa kowa, asali ake bi.

Sai ta dawo kan goro. Wanda Kawu ke sayarwa Cola nitida ne, mai tsagewa gida biyu, kuma fari da ja duk shi ne, har a kwanso ɗaya ana samunsu tare. Akwai ƙaninsa Cola acuminata mai tsagewa uku ko fiye. Namijin goro kuwa Garcinia kola ne, gidansa daban, danginsa daban. Ɗaci da taunawa ne kawai suka sa Bahaushe ya ɗaura musu aure.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin su wa goro ya haɗa dangi da su. Kuɓewa. Rama da yakuwa. Auduga. Kuka. Koko, ba na sha da ƙosai ba, wanda Gana ke nomawa ake yin cakulan da shi. Har wawan da na gama yi wa dariya. Dukkansu dangin Malvaceae ne. Na ce furen kuɓewa da na rama da na auduga kam ko yaro ya san suna kama, amma ina goro ina kuɓewa? Ta yarda cewa da ido abin bai fito sosai ba, shi ya sa da can goro da koko suna wani dangi, kuka tana wani. Sai da aka fara gwada ƙwayoyin gado na tsirrai aka ga tushensu ɗaya, aka haɗe su a sabon tsarin da ya fito a 1998. Wato littafin da malaminta ya karanta yana saurayi ya riga ya tsufa a wannan babi.

Ni dai wani abu ya tsaya mini a rai. Ɗorawa Parkia biglobosa ce, don tunawa da Mungo Park. Kuka Adansonia digitata, don Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Senigal. Kakanninmu sun shekara ɗaruruwa suna kaɗa daddawa da miyar kuka kafin waɗannan baƙi su sauka daga jirgin ruwa, amma sunan baƙin ne ya manne. Na faɗa mata haka. Ba ta musa ba, sai ta ce in lura kalmar Cola ɗin daga bakin mutanen Afirka ta Yamma aka ɗauko ta, kuma yau duk wanda ya gano sabon tsiro ya bayyana shi bisa ƙa'ida, shi ke raɗa suna, ko daga Aboabo ya fito. Yadda ta faɗi maganar na gane akwai abin da take hari.

Mun koma gida da la'asar, ƙafafuna jajir da laka. Matar Kawu ta kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalonmu na gida. Ina kai loma taubashiyata ta nuna yauƙin da ke bin yatsuna ta ce shi ma lalo ɗan dangin ne, kuma yauƙin nan da yawansu suna da shi.

Kawu ya saurari labarin duka yana ɓare daushe da ɗan wuƙarsa. Da aka zo kan kuɓewa ya ajiye wuƙar, ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ya ce ranar da za a kai kuɗin aurenta zai sa a raba ƙwarya biyu ta kuɓewa a masallaci, tunda duk ɗaya ne. Sannan ya miƙo mini ɓari guda, ya ce in karɓi Cola ɗin nawa, kuma in an zo neman namijin goro gobe kada wanda ya yi wa mai saye lacca a rumfarsa.