Salansar motata: na fasa bi ta ƙasa, na koma gefe

'Yan uwa masu koyon haɗa mota, barkanmu da war haka. Wata biyu ke nan ban kawo muku labarin inda aiki ya kwana ba. Salansa ce ta riƙe ni, ita da na ɗauka aikin kwana uku ce.

Ga wanda bai san farkon zancen ba: motar da nake haɗawa a bayan gidanmu a nan Garwa kwaikwayon Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, kamfanin Caterham kuma ya sayi haƙƙin ci gaba da ƙera ta a 1973. Kujera biyu, babu ƙofa, babu rufi, in ka zauna tafin hannunka na iya taɓa ƙasa. Injin Toyota 4A-GE ne mai lita 1.6, na ɗora shi a miƙe don ya ja tayoyin baya. Da ya zauna haka, bakin hayaƙinsa ya faɗo hagu, wato gefen direba, inda sandar sitiyari da tukunyar man birki suke. Duk wahalar daga nan ta faro.

Yawancin Seven da za ku gani a hoto salansarsu a waje take, kwance a jikin mota. Ni kuwa da farko na ƙi. Na ce unguwarmu yara sun fi kaji yawa, ga 'yan acaɓa da ke goga jikin mota a kowace mararraba, wa zai ajiye ƙarfe mai zafi daidai ƙwaurin mutane? Sai na yanke in bi da bututun ta ƙarƙashi, ya haye aksil, ya fita ta baya kamar na kowace mota.

Na auna kafin in fara, amma son rai ya hana ni karanta abin da awon ya ce. Tsakanin ƙasan shasi da ƙasa santimita 14 ne. Bututun inci 2 ne, kusan santimita 5, sai ka bar masa aƙalla 2 tsakaninsa da daɓen mota saboda zafi. Saura 7. Wanda ya san tudun rage gudu na titunan garin nan, da yadda damina ke rarake hanyoyin cikin unguwa, ya san 7 ba komai ba ce. Ramin tsakiya kuwa, inda sandar juya taya ke wucewa, babu wurin da ko yatsa zai shiga, ga tiyon mai da na birki suna bi ta nan.

Duk da haka na yi. Ranar gwaji ban kai ko bakin kwalta ba na ji ƙarar da ta shiga mini har haƙori. Bututun ya daki wani dutse da ruwa ya tono, kuma da yake na ɗaure shi kam a shasi da ƙarfe, babu roba, babu gaɓa mai lanƙwasa, duk ƙarfin dukan ya tafi kan manifol, wato ƙananan bututu huɗun da ke kwaso hayaƙi daga silindojin inji su haɗa shi. Waldar bututu na huɗu ta tsage kusa da bakin inji. Na tura motar zuwa gida ni da ƙanena, yara na bin mu da ihu.

Dattijon da nake koyon walda a wurinsa ya zo da yamma, ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Yaro, inji rawa yake yi a kan robobinsa, shasi kuma a tsaye yake. Ka ɗaure mai rawa da wanda ba ya rawa, wa kake so ya haƙura?" Na ce, "Baba, ai gudun ƙona mutane nake yi." Ya ce wannan maganinsa garkuwa ce, ba binne bututu a ƙasa ba.

Haka muka koma gefe. A wannan karon ban taɓa ƙarfe ba sai da na gama da waya. Na sami wayar ƙarfe mai kauri guda huɗu, kowace na lanƙwasa ta daga bakin silinda zuwa inda zan huda jikin mota, na zura musu guntayen tiyon ruwa don in ga kaurin gaske. Sai na juya sitiyari iyakarsa hagu, iyakarsa dama, na sa ƙanena ya girgiza injin da hannu. Sau uku tiyo na ɗaya yana taɓa sandar sitiyari, sau uku ina sake lanƙwasa. Da a ƙarfe na yi wannan kuskuren, da kuɗin wata guda ya tafi.

Manifol ɗin na zaɓi tsarin huɗu su koma biyu, biyu su koma ɗaya. Injin nan yana tashi ne a jeren 1-3-4-2, saboda haka ana haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, don kada hayaƙin wata ya yi karo da na 'yar uwarta a mahaɗa. Masu tsere sun fi son huɗu su haɗu wuri guda, yana ba da ƙarfi can sama idan inji na kuka. Ni ina zan kai wannan? Tafiyata daga gari zuwa Pitowa ce ranar Lahadi, abin da nake so shi ne mota ta amsa daga tsakiya. Ƙananan bututun inci 1.5 ne, na yi ƙoƙari tsawonsu ya zo ɗaya, bambancin da ya rage bai kai faɗin yatsa biyu ba, na bar shi haka.

Lanƙwasa bututun shi ne inda na koyi abu. Ba mu da injin da ke lanƙwasa ba tare da ya matse cikin ba, sai Baba ya nuna mini ta tsofaffi. Muka ɗebo yashi a bakin Binuwai, muka tankaɗe, muka soya shi a tsohon kasko har ya daina tururi. Ya ce kada in kuskura in yi wasa da wannan, ɗanyen yashi idan ya ji wuta a rufaffen bututu tururinsa na iya harbo toshiyar kamar harsashi. Aka toshe baki ɗaya, aka riƙa zuba yashin ana ƙwanƙwasa jikin bututu da guduma har ƙararsa ta mutu, sannan aka toshe ɗaya bakin, aka bar 'yar ƙofa ta numfashi. Wuta kuma a hankali, har wurin ya yi ja kamar gauta, a ja kaɗan, a matsa gaba, a sake. Na farko da na yi da kaina na yi gaggawa, cikin gwiwar ya tattare kamar goshin tsoho. Na uku ne ya fito sumul. Lanƙwasa biyu masu tsanani kuwa ban wahalar da kaina ba, na yanko su daga tsohuwar salansa a wurin masu kayan gwangwan.

Abu guda da zan roƙe ku: kada ku yarda a yi muku da bututun famfo mai farin shafe. Yana da arha, yana ko'ina, amma shafen nan zinki ne, hayaƙinsa wajen walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ga nauyin banza.

Yanzu bututun ya fito ta jikin mota bayan tayar gaba, akwai gaɓa mai lanƙwasa bayan mahaɗa, tukunyar salansa na kwance a gefena a kan robobi biyu. Na saka mazaunin na'urar auna iskar hayaƙi bayan mahaɗar, ta sama, don ruwan da ke taruwa da safe kada ya kwanta mata. Garkuwar kuwa faranti ne mai huji-huji, na naɗe rabin tukunyar da shi, da tazarar santimita 2 don iska ta ratsa. Bayan tafiyar minti 20 da rana tsaka na ɗora bayan hannu a kai, da zafi amma ba ya ƙuna. Bututun da ke gaban tukunyar ne har yanzu tsirara, shi ya lashe mini bakin jallabiya ranar Juma'a da na zo fita. Tun daga ranar sai na tattare riga nake tsallakewa.

Bakin bututun ya ba ni aiki fiye da yadda na zata. Na fara juya shi ƙasa, sai ya riƙa hura jar ƙasa tana dawo mini a fuska. Na miƙar da shi baya, yana dukan tayar baya kai tsaye. Yanzu ya tsaya bayan kafaɗata kaɗan, yana kallon waje a karkace. Kada a ce ai mota ba ta da rufi, iska kan murɗa ta dawo da hayaƙi cikin kujera, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da launi ba ta da wari. Ƙara ma tana nan, kunnen hagu ne ke shan ta. Masu kwaikwayon motar Cobra 427 ta 1965 da suka sa bututu hagu da dama, ban san yadda suke hira a ciki ba.

Abin da bai ƙare ba shi ne tukunyar man birki. Bututu na huɗu yana wucewa santimita 6 daga gare ta. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya sauka kusan 155, mu kuma a Maris da Afrilu zafin gari kansa yana haura 40 kafin a kunna inji. Na yanka farantin alminiyom zan kafa tsakaninsu. Wasu sun ce in naɗe bututun da ƙyallen hana zafi, amma nawa baƙin ƙarfe ne, ƙyallen kuma yana riƙe ruwa, damina ɗaya tsatsa za ta cinye shi. Wanda ya taɓa huda murfin inji ta gefe don zafi ya sami mafita, ya gaya mini girman hujin da ya yi da inda ya sa shi, kafin in sa almakashi a nawa ranar Asabar.