Fataucin da ake awo da miligiram

Sana'ata ita ce kawo wa masu bincike kayan gwaji daga waje. Ɗan ofishinmu yana Agege a Legas, abokan cinikinmu kuwa galibi suna wajen Yaba da Idi-Araba. A cikin kayan da muke oda, babu mai ba mu wahala irin peftayid, wato ɗan guntun furotin, musamman irin wanda ke ratsa fatar ƙwayar halitta ya shige ciki.

Maganin cutar kansa irin su doxorubicin ba ya aiki sai ya shiga cikin ƙwayar, wasu ƙwayoyin kansar kuwa sun iya turo shi waje. Shi ya sa masana ke ɗaura maganin a jikin peftayid, ya zame masa ɗan dako. Wanda aka fi tambaya a wurinmu shi ne TAT. Ikon Allah, daga ƙwayar cutar HIV aka samo shi, bayan an gano a 1988 cewa wani furotin nata yana kutsawa cikin ƙwayoyin halitta da kansa. Akwai kuma penetratin, wanda aka ciro daga furotin ɗin wani ɗan ƙuda a 1994.

In ka ga kayan sai ka raina. Kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, da ɗan farin gari manne a gindinta, amma da dala ake biya. Kaya na fitowa daga filin jirgin Ikeja sai cikin kula mai ƙanƙara, domin ba ka san awa nawa goslo zai riƙe ka ba. A ofis firiza tana kan digiri 20 ƙasa da sifili, janareto kuma a shirye. Nakan ja kunnen ɗalibai: in kun narka, ku rarraba a ƙananan kwalabe, daskarewa da narkewa a kai a kai ke lalata shi.

Abin da ke sosa min rai shi ne masu majinyaci. Wani zai ji labari ya zo ya ce, “Alhaji, don Allah a sayar min, mahaifiyata ce.” Sai in zaunar da shi in ce, “Malam, wannan na gwaji ne, ba na ba wa mutum ba.” Peftayid ɗin ba ya tantance ƙwaya mai ciwo da mai lafiya, duk shiga yake, sannan sinadaran jini na saurin farfasa shi. Kan haka masana ke ta fama har yanzu. Nakan ce ya koma wurin likitan da ke duba ta, kuma in ba takardar oda daga ɗakin gwaji, ko kwalba ɗaya ba ta fita daga firizarmu.